Kwanon Rufin da Ke Yankan Mahauta

Shekara ashirin da shida Firisila ta yi a tagar kati ta wani ƙaramin asibiti da ke unguwar Abatuwa a Jos, kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Ba a ce ba ta taɓa rubuta abin da ba shi ba ne. An ce dai ba a kama ta ba, kuma tsakanin maganganun nan biyu akwai tafiya.

Bayan asibitin akwai layin rumfunan mahauta, wajen arba'in, ƙarƙashin rufin kwano ɗaya mai tsawo. Babbansu shi ne Alhaji Tsalha, dattijo mai murya kamar ana mirgina ganga, wanda ya kafa dokar da kowa a layin yake tsoro fiye da 'yan duba-gari. Dokar ita ce duk mahaucin da wuƙarsa ta yanke shi, to bai iya sana'a ba, sai ya ajiye wuƙa ya koma bakin famfo wankin tumbi da hanji wata guda, kowa na wucewa yana yi masa barka da sabon muƙami. Wani da abin ya faɗa wa sau biyu, kunya ta sa ya kwashe kayansa ya koma Bukuru.

To, wuƙa kuwa ba ta san doka ba. Mahauci zai zo taga da hannu a naɗe da tsumma, ya waiga hagu ya waiga dama, ya ɗora hannun a kan katako ya ce, "Sista, kin gani." Ba ya ƙara komai. A wancan zamanin majinyaci shi yake riƙe katinsa daga taga zuwa ɗakin likita zuwa wajen magani, kuma layin asibiti ba ya rasa ɗan boko mai leƙen katin da ba nasa ba. Saboda haka Firisila sai ta rubuta cewa kwanon rufi ne ya yanke shi. Mai ɗinki ya san bakin wuƙa in ya gani, tsohon likita ma ya sani ya kau da kai, allurar tetanus kuwa ko kwano ko wuƙa sai an yi ta. Babu wanda ya cutu. Kowane mahauci yana komawa layi da yaƙinin cewa shi kaɗai Sista ta taɓa yi wa wannan alfarma, ita kuma ta riƙe amanar nan gam, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ana nan tsohon likita ya yi ritaya, aka kawo Dokta Badung, matashi mai tsafta da son lissafi, wanda ko shayi zai sha sai ya duba agogo. Abin da ya fara damunsa shi ne tsawon layin taga. Ya auna ya ga Firisila tana cin minti huɗu a kan mutum ɗaya, minti ɗaya na rubutu, uku na tambayar lafiyar iyali. Sai ya kawo kwamfuta, ya kuma kawo Kenechi.

Kenechi haifaffen Jos ne, mahaifiyarsa Okwuchi tana da shagon kayan gini a Tina Junction, shi kuwa ya bar siminti ya kama rubuta manhaja. Ya zauna kusa da Firisila ya yi mata bayani. Ya ce ba za ta riƙa rubuta komai daga farko ba. Da ta saka shekarun mutum da sana'arsa da unguwarsa, wani jerin zaɓi zai sauko, shi yana kiransa menu, kuma abin da ya fi yiwuwa ya kawo mutumin shi zai hau sama, sai ta danna kawai. Da ta tambaye shi ta ina na'ura za ta san ciwon mutanen da ko gaisawa ba su taɓa yi ba, ya yi dariya ya nuna kabad ɗin katuna, ya amsa da Hausarsa wadda ba ta raba mace da namiji.

"Mama, ai kai ne za ka koya masa. Duk abin da ka rubuta shekara goma, shi zai haddace."

Wata biyu suka yi suna zuba tsofaffin katuna a cikin na'urar, suna faɗa kamar kaka da jika. Ya jera zaɓi goma sha biyu, ta ce idonta ba na shaho ba ne, ya mayar da su uku. Ya sa ƙananan haruffa, ta ɗaga masa tabarau ta ce ya duba kaurinsa. Ya sa sunayen cututtuka irin na littafi, ta ce ba wanda ke zuwa taga da sunan littafi, mutane da "jikina duk ba daɗi" suke zuwa. Shi kuma ya ci nasara a kanta a wuri ɗaya: ya hana ta neman harafi da yatsa ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Ranar da aka fara aiki da abin, Firisila ta zo a shirye ta tsane shi, amma ta kasa. Ta saka yaro ɗan shekara huɗu a watan Agusta, zazzaɓin sauro ya hau sama. Ta saka tsohuwa daga Dutse Uku, ciwon gwiwa ya hau sama. Ta saka malamin makaranta ranar Litinin, ciwon kai ya hau sama, ta tuntsire da dariya har malamin ya tsargu. Minti huɗu ya koma daƙiƙa arba'in, sauran lokacin kuma ta ci gaba da tambayar lafiyar iyali abinta. A ranta ta ce wannan na'ura 'yar gida ce, duk halinta ta ɗauko.

Ba ta san iyakar gaskiyar maganar ba sai da azahar, da Malam Ɗan'asabe, wani siririn mahauci mai yawan fara'a, ya zo da hannu a naɗe. Ta saka sana'arsa. Kafin ya ce Sista kin gani, jerin ya sauko, kuma can a sama, da manyan haruffan da ita da kanta ta nace a saka, an rubuta yankan kwanon rufi, casa'in da huɗu cikin ɗari. Kenechi da ke tsaye a bayanta ya tafa hannu don murna, ya ce menu ya gane ciwo tun kafin a buɗe baki. Firisila ta danna, amma ba ta taya shi murna ba.

Allura ta tono garma. Kenechi ya koma ya tambayi na'urarsa sau nawa hakan ya faru, ta ce sau ɗari uku da goma sha ɗaya a shekara goma. Ya zana jadawali mai launi ya kai wa Dokta Badung. Jadawalin ya nuna cewa kwanon rufi a unguwar Abatuwa ba ya yankan tela, ba ya yankan direban keke, ba ya ma yankan kafintocin da ke hawansa, sai mahauta. Yana kuma son hannun hagu, musamman babban yatsa da manuni. Abin da ya fi ɗaure wa Kenechi kai shi ne kwanon ya fi ɓarna a makon Sallah da makon Kirsimeti. Ya ce ya tambayi mahaifiyarsa, ta ce shekara talatin tana sayar da kwano ba ta taɓa ganin wanda ya san ranar biki ba, amma shi a ganinsa tsofaffi ba sa yarda da alƙaluma.

Dokta Badung kuwa ya yarda da alƙaluma fiye da yadda ya yarda da idonsa. Washegari ya sa takalmin roba, ya ja Kenechi da Firisila suka zaga layin mahauta da tef na awo. Suka auna rufin, suka ga ko dogon mutum ya yi tsalle ba zai taɓa shi ba. Firisila ta fara jin sanyi a ranta, tana cewa yanzu zai gane maganar ba ta da kai ya bar ta. Ina. Dokta ya fara bin rumfuna yana tambaya, kuma a nan ne mahauta suka kashe ta da hannunsu. Duk wanda aka tambaya sai ya tuna da nasa katin, ya ɓoye hannun hagu a bayansa, ya rantse cewa kwanon nan mugu ne. Wani ya ce in iska ta taso har saukowa yake yi. Wani ya ce shi wajen rataye cinya ya kama shi. Ɗan'asabe ya ce kwanon tun na zamanin Turawan kuza ne, ya ga jini ya saba. Alhaji Tsalha da kansa, hannayensa biyu a cikin aljihun riga, ya ce ya daɗe yana zargin rufin nan. Dokta yana ta rubutawa, Firisila tana bayansa tana zare musu ido, su kuma kowa yana ɗauka tana ƙarfafa masa gwiwa ne, sai ya ƙara gishiri.

Da suka dawo Dokta ya rubuta wasiƙa zuwa ga masu kula da tsaftar wajen yanka, yana neman a kware rufin baki ɗaya kafin ya cire wa wani hannu. Ya ce zai tara mahautan ranar Alhamis ya karanta musu kafin ya aika, don kada su ji a sama. Watan Agusta ne. Wanda ya san ruwan Agusta a Jos, wanda ke zuwa da ƙanƙara in ya ga dama, ya san abin da zai sami mutum arba'in da namansu a fili.

Kwana uku Firisila ba ta da sukuni. Gaba kura, baya sayaki. In ta yi shiru, rufi ya tafi. In ta faɗi gaskiya, ta tona asirin mutanen da suka ɗora hannu a tagarta ba tare da sun roƙe ta komai ba, don sun san ba sai sun roƙa ba. Ta gwada lallaɓa Kenechi ko zai sa na'urar ta manta, ya ce menu ba ya mantuwa, kuma ya faɗi haka ne da alfahari. Ta harari kwamfutar. Shekara ashirin da shida ba ta gaya wa mijinta ba, ba ta gaya wa fasto ba, sai ga shi ta zauna wata biyu da hannunta tana raɗa wa babbar magulmaciyar Jos.

Ranar Alhamis mahauta suka cika barandar asibitin, wasu a benci, wasu a tsaye, ruwa yana ɗan yayyafi. Kenechi ya haska jadawalinsa a bango, ba suna ko ɗaya a ciki, sai dogayen sanduna masu launi. Dokta ya karanta wasiƙar da Turanci ya fassara da Hausa. Da ya kai wajen kware rufi, kowa ya waiga wajen layin rumfuna. Mutanen da suka kwana uku suna zagin kwano yanzu suna kallonsa daga nesa kamar ɗan'uwan da suka yi wa shaidar zur. Babu mai iya kare shi ba tare da ya tona kansa ba.

Firisila ta miƙe. Ta riga ta yanke shawara tun a gida: in dai sai an yanka wani, to a yanka sunanta. Ta ce wa Dokta kada ya aika wasiƙar, laifin nata ne. Ta ce ƙiwa ce ta sa, duk wanda ya zo da yanka sai ta rubuta kwano don ya fi saurin rubutawa, ba ta ma tambaya. Tana faɗi tana jin ɗacin maganar a bakinta, domin a duniya ba abin da ta tsana kamar a ce ta yi aiki da ganganci, ga shi saura wata tara ta yi ritaya da sunanta fes.

Dokta Badung ya cire tabarau. Ba mugun mutum ba ne, amma ba ya barin tambaya a rataye.

"Mama Firisila, na ji. To in ba kwano ba ne, me ya yanke su?"

Ta ce ba ta sani ba. Ya ce sau ɗari uku da goma sha ɗaya ba ta sani ba? Ta ce e. Ya ce ta san abin da wannan magana za ta jawo wa takardar aikinta? Ta ce ta sani, duk abin da ya biyo baya ta ɗauka. 

Malam Ɗan'asabe ne ya kasa jurewa. Ya tashi yana sosa ƙeya da hannun da ke da bandeji, ya ce shi dai ba zai zauna a ci mutuncin matar nan a kansa ba.

"Dokta, nawa wuƙa ce. Wuƙata, da hannuna, ina fiɗar akuya ina sauraron ƙwallo a rediyo. Sista rufa mini asiri ta yi. Sauran ɗari uku da goman kuwa ban san nasu ba, wataƙila su kwanon ne."

Ya juya wajen Alhaji Tsalha ya ce a ba shi bokitin tumbi, ya shirya. Kafin Alhaji ya buɗe baki, wani ƙato daga baya ya ce a dakata, me Ɗan'asabe yake nufi da Sista ta rufa masa asiri, ai shi ta rufa wa. Na kusa da shi ya ce kai ma? Sai hannayen hagu suka fara fitowa daga aljihu, daga bayan riga, daga ƙarƙashin hula, kowanne da tabonsa. Mutum ya dubi maƙwabcin rumfarsa na shekara goma sha biyar, wanda suka sha yi wa wasu dariya tare, ya ga irin tabonsa sak a yatsa guda. Wani ya ce nasa huɗu ne, wani ya ce shi yaro ne, nasa bakwai. Dariya ta ɓarke har masu jiran awon ciki suka leƙo. Wani dattijo yana share hawaye yana cewa shekara tara yana kawo wa Sista hanta duk Sallah, yana ganin shi kaɗai ne ɗan gata, ashe layin gaba ɗaya 'yan gata ne.

Kenechi ya tsaya baki buɗe yana kallon jadawalinsa. Can ya ce a hankali, ashe shi ya sa Sallah da Kirsimeti.

Da dariyar ta lafa, sai aka lura mutum ɗaya bai fitar da hannu ba. Alhaji Tsalha yana zaune a kujerar gaba, hannayensa a aljihu, gumi yana bin goshinsa duk da sanyin garin. Firisila ta san katunansa ba tare da ta duba ba, goma sha bakwai ne, babu wanda ya kai shi a layin. Dokta, wanda har yanzu bai koyi inda ake tsayar da tambaya ba, ya ce Alhaji, kai fa?

"Ni dai kwano ne," in ji Alhaji Tsalha. Muryar gangar nan ta koma ta ɗan tsako.

Firisila ta runtse ido tana jiran ihu. A barandar nan akwai mutum aƙalla goma da wannan dattijo ya tura bakin famfo saboda ciwon da bai ɓoyu ba, kuma yau ga shi a tafin hannunsu. Ta ji wani ya fara ƙyalƙyalewa, aka zungure shi. Sai Ɗan'asabe ya gyara murya ya ce, da fuskar da ba wasa a cikinta, wannan kam gaskiya ne, shi shaida ne, yana wurin ranar da kwanon ya sauko wa Alhaji. Ƙaton baya ya ce shi ma ya gani da idonsa. Wani ya ce ai kwano ya san babba, ba ya taɓa yara. Ɗaya bayan ɗaya suka gyaɗa kai, ba wanda ya dubi aljihun dattijon. Firisila ta ji ƙwalla ta cika mata ido, domin abin da ta yi shekara da shekaru ita kaɗai a ɓoye, yau mutum arba'in ne suke yi a fili, kuma ba ta koya wa ko ɗayansu ba.

Dokta Badung ya dubi Firisila, ya dubi wasiƙarsa, ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ce kwanon da ke yankan mutum ɗaya tak ba ya buƙatar wasiƙa. Ya ce amma daga yau gaskiya yake so a na'ura, tunda ba mai yawo da kati kuma, allon ma Firisila kaɗai yake fuskanta. Maganar takardar aiki bai sake tayar da ita ba.

Kenechi ya kwana biyu yana gyara. Ya ɗora yankan wuƙa a sama, ya tambayi Firisila ko ya goge kwanon gaba ɗaya. Ta ce ya bar shi a ƙasa, na uku, ba ya cin tuwon kowa.

Bayan mako uku, da hantsi, layi ya yi sauƙi, sai ga Alhaji Tsalha a taga da hannu naɗe cikin ƙyalle. Ya waiga hagu ya waiga dama bisa al'ada, ya ɗora hannun a kan katako. Firisila ta gaishe shi, ta saka sana'arsa, jerin ya sauko. Ta kai yatsa wajen na ƙasan, ta san Dokta zai yi faɗa, ta kuma san za ta iya shanye faɗan.

"Sista, me na'urar ta ce?"

Ta ce ta sa wuƙa a sama, kwano a ƙasa, kuma duk wanda aka danna ba mai gani sai ita da Dokta.

Dattijon ya dubi ƙyallen da jini ya fara ɓullowa ta cikinsa. Sannan ya matso da bakinsa kusa da wayar tagar, kamar mai tsoron kada katako ya ji.

"Danna na saman, 'yata. Na gaji."

Ta danna. Ta ce masa ya shiga ɗaki na biyu, mai ɗinki yana nan, kuma ya taka a hankali don an goge simintin.